Abin da Reza Ta Bari

Daminar bana ce ta ashirin da ɗaya tun da aka fitar da ɗan farina daga zauren gidan nan na Jega aka kai shi makwancinsa. Ni ba da kalanda nake lissafi ba, da shuka nake yi: sau ashirin da ɗaya aka shuka gero ba ya nan. Ban yi boko ba, ban iya riƙe alƙalami ba, kuma ban taɓa jin kunyar haka ba, domin abin da wasu ke nema a takarda ni a kaina yake. Wadda ke rubuta muku wannan Saratu ce, ɗiyar manoman albasa daga Kashin Zama, ɗaya daga cikin waɗanda ya koya wa aiki. Ina faɗa tana rubutawa, za ta kai wa jarida. Ta ce za ta ɗan miƙe mini harshe don mutanen gabas su gane. Na ce ta miƙe, amma inda mutane suka yi magana ta bar wa kowa bakinsa. Na kuma gaya mata akwai wuraren da ba za su yi mata daɗi ba, kuma ba za ta tsallake ko ɗaya ba.

Ba zan faɗi sunansa ba. Ɗan fari ne, kuma a zamaninmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi, ba ta yabonsa a gaban mutane. Jama'a Injiniya suke ce masa, ni ma da shi zan kira shi a nan, ko da yake shi yakan ce bai kai injiniya ba, ma'aikacin inji ne kawai da ya koyi aikin hannu. Ana yaye shi wan mijina ya zo ya tafi da shi Maiyama, can ya girma. Sai da Salla nake ganinsa. Ya durƙusa daga bakin ƙofa ya gaishe ni, in amsa ina kallon tukunya. Haka aka yi wa uwata, haka na yi, kuma a lokacin ban ga laifin abin ba.

Akwai abin da ya kamata ku sani game da ni. A unguwarmu babu wadda ta kai ni tatsuniya. Ba cika baki nake yi ba, a je a tambaya. Mahauta da direbobin da yanzu furfura ta cika musu gemu a tashar Jega, da yawansu a tabarmata suka zauna da majina a hanci. Ina sauya murya yadda na ga dama, in yi ta kura, in yi ta tsohuwa mai rowa, in yi ta attajirin da ba ya jin shawara. 'Ya'yana mata biyu, wadda ke aure a Alelu da wadda ke Katanga, sun sha tatsuniya har sun ƙoshi. Yaro ɗaya ne a duk danginmu bai taɓa zama a tabarmar nan ba, kuma ban lura da haka ba sai da lokaci ya ƙure.

A Maiyama ya kamu da son rediyo. An ce sau uku yana kwance akwatin rediyon wan mijina yana mayarwa, ana dukansa, a na ukun akwatin ya fi da fitar da magana, sai aka daina dukan. Da ya gama sakandare bai samu tafiya jami'a ba, aka ba shi wuri a makarantar da ake koyon aikin injin rediyo da talabijin. Can ya koyi liƙe waya da dalma, da gyaran injin da ke tura magana cikin iska, da hawa dogon ƙarfen nan mai jar fitila a ka. Da ya fito aka ɗauke shi aiki a wani gidan rediyo a birni. Ranar da labari ya iso, sai na daka fura na raba wa maƙwabta, ban faɗi dalili ba.

Maƙwabciyata Tumba mai fura, Allah ya jiƙanta, ba ta iya barin abu ya wuce. Wata rana ta leƙo ta katanga.

"Kulu, wai ba ɗanki na anka ce shina aikin rediyo ba? Wata shida ina kasa kunne, ban ji ko tarinai ba. Ko shara shika yi musu?"

Na ce, "Ke dai ji da hurarki, tun jiya taka tsami."

Na amsa mata, amma maganar ta zauna mini a rai. Ban san wanda ya kai masa ba. Da ya zo Salla yana zaune a tsakar gida yana gyara mini rediyona, sai ya dubi ƙanwarsa, ya ɗaga murya yadda zan ji daga madafa.

"Ki hwaɗa ma Tumba, duk randa tab buɗe rediyo taj ji magana tas, muna wurin aiki. Randa taj ji shuuu, ko taj ji shiru, to ta neme ni, laihina na. Mu ba a jin mu sai mun ɓata aiki."

Tun daga ranar na sauya yadda nake sauraron rediyo. Mutane na jin labarai da gaishe-gaishe da shirin manoma, ni kuwa tsabtar maganar nake ji. In ta fito garau, in ce a raina yaron nan ya tashi lafiya. In aka yi hadari magana ta ɗauke, in ajiye abin da nake yi in zauna, don na san yana can yana fama da inji, ko ma yana saman ƙarfe. Da ta dawo sai in ci gaba da tankaɗe. Shekaru muka yi muna gaisawa ta haka, shi bai sani ba.

Daga baya aka ba shi koyar da sababbin shiga. Abin da na sani game da koyarwarsa daga bakin Saratu na ji shi, ita kaɗai ce mace a cikinsu a lokacin. Ta ce makon farko ba ya barin kowa ya taɓa inji. Sai ya zaunar da su ya ce su rufe ido su faɗa masa duk abin da suke ji. Wani ya ce ba ya jin komai. Ya ce ƙarya kake, akwai fanka, akwai babur a titi, akwai cikin abokinka da bai karya ba. Yakan ce kunne ake fara koyarwa kafin hannu. Dokarsa babba kuwa ita ce, mai riƙe inji ba shi da baki. Ba ya tari, ba ya motsa kujera, ba ya dariya ko da abin dariya ya kai. In an gama ɗauka kuma, a zauna da reza a bi zaren da aka ɗauki maganar a kai, a yanke duk abin da ba muryar mai magana ba, a liƙe, har mai sauraro ya ɗauka mutum shi kaɗai ne a duniya yake magana.

Ran nan da bazara, lokacin da albasa ke jibge a bakin titin Aliero manyan motoci na lodi, sai ga motar aikinsu a ƙofar gida da hantsi. Ya shigo da ɗalibai biyar da wani inji mai faifai biyu da ke juya siririn zare mai ruwan ƙasa. Ya durƙusa a bakin ƙofa kamar kullum.

"Inna, ɗalibaina na da jarrabawa. Ana son su ɗauki muryar mutum a gida, inda akwai kaji da iska. Mun taho ki yi muna tatsuniya."

Na ce, "Tatsuniya da rana tsaka? Can Maiyama ba su hwaɗa maka mai yin ta da rana ɓacewa shika yi ba?"

Ya ce dole motar ta koma kafin la'asar. Na ce to ta koma. Ni da na yi shekara arba'in ina korar yaran da suka roƙe ni tatsuniya da rana, ba zan karya ba don an zo da mota.

Bai yi mini gardama ba. Ya sa aka tattaro duk barguna da ke gidan, har na Tumba aka aro. Suka rataya a ƙofa, suka toshe taga, suka lulluɓe bangon ɗakina. Ina jin yana gaya wa ɗaliban cewa bango yana maido da murya, bargo kuwa shanye ta yake yi, don haka duk inda suka je ɗauka su fara duban bango. Da suka gama ɗaki ya yi baƙi ƙirin, sai ɗan jan haske a jikin injin. Daga cikin duhun na ji muryarsa.

"To Inna, ga dare ya yi."

Na san dabara ce. Amma dabara ce mai kyau, kuma ni ina girmama mai dabara. Na gyara zama.

Zafin ɗakin nan ba ya faɗuwa. Gumi na bin bayana, Saratu na durƙushe a gabana riƙe da makirfo. Shi kuwa bai bar ni na yi nisa ba sai ya katse ni. "Inna, ɗan matso." Na matsa. "Saratu, kin yi kusa da yawa, numfashinta na bugun makirfo." "Ɗaya, biyu, ɗaya, biyu." "Wani shi hita shi kori zakaran can." "Inna, sake daga inda kura tas shiga kasuwa." Abin mamaki, da yake ba na ganin fuskarsa ba ya ganin tawa, sai na ji kunyar ta yi sauƙi kamar an sauke mini tulu daga ka.

Na ce, "Kai, in ka sake katse ni na hwasa. Ni uwarka ta, ba ɗalibarka ba."

Ya ce, "Na tuba, Inna. Saura ɗaya."

Iyakar wasan da na taɓa yi da shi ke nan a rayuwata.

Tatsuniyar da na yi musu tawa ce, ni na ƙaga ta. Kura ce ta shiga kasuwar Aliero da yunwa, ta ga abu ja mulmulalle ta ɗauka nama ne, ta gatsa, ashe albasa ce. Hawaye suka ɓalle mata. Awaki suka hango ta tana kuka suka ce kura ta tuba, suka yi layi suna zuwa yi mata barka da shiriya. Ita kuwa tana son ta cafke su, hawaye sun hana ta gani, sai ta riƙa laluben iska tana cewa da muryar kuka, ku matso 'yan uwana in rungume ku. Na ba kurar nan haƙƙinta a ranar. Da na rufe, suka sauke barguna, rana ta dawo, kowa ya koma matsayinsa. Ya durƙusa a bakin ƙofa ya yi sallama, na amsa ina kallon tukunya.

Da damina ta sauka zazzaɓi ya kama shi. Aka kawo shi gida Jega. Kwana huɗu.

A zaman makoki ban yi kuka a gaban mutane ba, uwar ɗan fari ba ta yi. Abu ɗaya na riƙe a zuciyata kwana arba'in: akwai muryarsa a cikin zaren nan. Duk "Inna, ɗan matso" ɗin nan, duk "na tuba" ɗin nan, injin ya kwashe. Mutumin da ya yi shekaru a gidan rediyo ba a taɓa jinsa ba, ga wuri ɗaya da ya yi magana, kuma da ni ya yi ta.

Ranar sadakar arba'in Saratu ta zo da kaset naɗe cikin gyale. Mata sun cika tsakar gida. Tumba ta kawo rikodarta mai karkarwa aka sa. Na sunkuyar da kai ina jira. Murya ta fito, tawa ce. Na ci gaba da jira. Kura ta shiga kasuwa, babu wanda ya ce a sake. Babu zakara, babu ɗaya biyu. Matan da suka zo ta'aziyya suka manta da kansu suka riƙa ƙyalƙyala dariya, Tumba har da dafe ciki. Kaset ya kai ƙarshe ya yi ƙas. Daga farko har ƙarshe ni kaɗai ce a ciki, tas kamar wankakkiyar shinkafa.

Saratu ta matso idonta cike da hawaye. "Inna, bai samu ya gama ba, ni na ƙarasa. Kwana uku ina bi da reza. Na hidda duk abin da ba muryarki ba, yadda yak koya muna."

Na ce, "Abin da kika yanke hwa?"

"Kada ki damu, Inna. An share an ƙone. Ba wanda za shi same shi."

Ita ta ɗauka tsoro nake ji, irin yadda tsofaffi ba mu son a bar gashinmu ko farcenmu a ƙasa. Kwantar mini da hankali take yi. Ni kuwa ta yaya zan buɗe baki a gaban mata arba'in in ce muryar ɗan farina nake nema? Na ce an gode, Allah ya yi albarka. Na naɗe kaset ɗin na tura shi ƙasan adudu, ban sake ciro shi ba.

A nan ne na ce ba za ta tsallake ba, kuma ga shi alƙalaminta ya tsaya. Rubuta, ɗiyata. Shekara ashirin yarinyar nan tana zuwa gaishe ni duk bayan cirar albasa, da rabin buhu daga gonar ubanta. Ta yi aure ta haihu ba ta fasa ba. Ni kuwa in ba ta ruwa, in amsa gaisuwa a gajarce, in jira ta tashi. Ban taɓa zaginta ba, ban kuma taɓa sakar mata fuska ba. Ta ɗauka aikin ne bai yi mini ba. Na san haka take zato, na bar ta da shi. Girman kai ne, kuma nawa ne.

Cikin shekarun nan gidan ya yi ta raguwa. Mijina ya rasu. 'Ya'yana mata suna zuwa suna komawa gidajensu. Yara sun daina zuwa tabarmata, ba faɗa muka yi ba, waya ce ta zo. Yanzu in ka ga kawuna biyar sun haɗu a ƙofar gida, to abu suke kallo a tafin hannun ɗaya. Bara Tumba ta tafi, ita ce ta ƙarshe da za ta leƙo ta katanga ta tsokane ni. Sai ni da rediyona rataye a ƙusar rumfa.

Nakan tambayi kaina, da Injiniya zai dawo yau me zai ce? Ina jin da farko zai yi murna. Gidajen rediyo sun yi yawa har ban san sunayensu ba, kwanukan talabijin sun hau rufin gidaje har a Katanga da Alelu, direba na tuƙi yana kiran gidan rediyo yana faɗin ra'ayinsa. Amma na san zai toshe kunne a wasu wuraren. Kowa ya zama mai ɗaukar magana, kowa na turawa, iska na bugu, janareto na ruri, mai magana na ihu, babu wanda ya tsaya ya dubi bango. Jikokina duk wanda ka tambaya so yake a ji muryarsa ko a ga fuskarsa. Ban taɓa jin wanda ya ce yana son ya zama wanda ba a ji ba. To in kowa na gaban makirfo, wa zai hau ƙarfe in hadari ya taso? Saratu, wadda yanzu ita ke koyarwa a inda ya koyar, ta ce iyaye sun fi son a ce ɗansu na jami'a ko da zai fito ya zauna, a kan a ce yana koyon liƙe waya. Ni ban yi boko ba, amma na haifi wanda ya ci abinci da aikin nan cikin mutunci, ya kuma bar mutane a bayansa. Mai ɗa ko ɗiya da ke son kwance abu ya ga cikinsa, kada ya dake shi, ya kai shi inda za a koya masa.

Da ranin bana na kwanta ciwo, har 'ya'yana suka zo suka kwana biyu. Saratu ta zo dubiya. Don ta cika shiru sai ta shiga ba ni labarin aiki. Ta ce yanzu ba a yanka da reza, a kwamfuta ake yi, kuma in ka yanke abu ka ga ka yi kuskure, maɓalli ɗaya za ka taɓa ya dawo.

Na ce, "Ya dawo?"

Ta ce, "Ya dawo, Inna, kamar ba a taɓa ba."

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Wataƙila ciwon ne, wataƙila don babu sauran wanda zan ji kunya. Na ce, "Da a zamaninku haka na, da kin maido min shi. Ba muryata nika nema cikin kaset ɗin nan ba, Saratu. Tawa ina da ita."

Ta dube ni. Na ga lokacin da maganar ta isa. Ta ɗora hannu biyu a ka, ta yi kukan da ban taɓa ganin babbar mace ta yi ba, tana cewa ita ta ƙone shi da hannunta. Na bar ta ta yi. Can sai ta ɗago kai kamar wadda aka kira daga nesa. Ta share fuska ta ce, "Inna, akwai wuri guda da nik kasa yankewa." Ta ɗauki jakarta ta tafi.

Bayan kwana uku ta dawo da hantsi, ita kaɗai, da kwamfuta da wani abin sawa a kunne mai kama da ƙananan faya-fayai biyu. Ashe ta adana zaren da ta gyara, ta kuma juye shi a kwamfuta tun tuni. Ta ɗora mini abin a ka, duniya ta yi shiru, ko kukan kaji ba na ji. Ta ɗaga gefe ɗaya ta ce, "Kada ki saurari kanki, Inna. Ki saurari bayan muryarki."

Karo na farko kaina kawai na ji, ina kurar nan ina cewa ku matso 'yan uwana in rungume ku. Na girgiza kai. Ta mayar. Na rufe ido yadda ta ce yana sa su yi. Karo na biyu na ji kamar wani abu a ƙasa, can nesa. Ta sake mayarwa.

Dariya ce. Ta mutum mai ƙoƙarin danne ta, ta fara fita ta hanci, sannan ta ƙwace masa. Ba ta fi numfashi biyu ba. Irin dariyar mahaifina ce sak, mai ɗan shaƙewa a ƙarshe, kuma ni ban taɓa sanin ya gado ta ba, don ban taɓa jin yana dariya kusa da ni ba. Ranar ɗauka ina cikin muryar kura ban ji ba. Ranar arba'in kuwa daidai wurin ne matan suka fashe da tasu dariyar suka rufe ta.

Saratu ta ce ta yi ta yi, amma dariyar ta hau kan maganata, in ta yanke ta sai ta yanke ni. Ta ce shekara ashirin da ɗaya tana jin kunyar wurin nan, tana ganinsa tabo a aikin ƙarshe da ta yi wa malaminta, shi ya sa ba ta taɓa faɗa ba. "Shi da yah hana mu ko motsi, Inna, shi yay yi dariya." Sannan ta gaya mini wani abu. Jarrabawar ba ta buƙaci zuwa Jega ba, akwai tsofaffi a bayan ofishinsu. Shi ya nace. Kuma a mota suna komawa, sun wuce gada, sai ya ce, ba da kowa ba, "Yau dai na ji abin da ƙannena sunka ji."

To me ya rage na ɗan farina bayan damina ashirin da ɗaya? Ba shi da gida da sunansa a jiki, hotonsa ɗaya ne, shi ma ya koɗe. Akwai mutanen da ya koya wa aiki, da waɗanda su ma suka koya wa, warwatse a gidajen rediyo da talabijin, ba wanda ya san fuskarsu. In kun buɗe akwatinku kun ji magana garau, ku san akwai wani a can da ya rufe bakinsa don ku ji. Akwai kuma doka ɗaya da Saratu ta ce ta ƙara a kan nasa: a gyara yadda za a gyara, amma kada a taɓa jefar da na asali, don ba ka san abin da mai shi ke nema a ciki ba. Dokarsa ta rufe baki mai kyau ce, ban ce ba ta da kyau ba. Sai dai abin da ya rage mini shi ne wurin da shi da kansa ya karya ta.

Ta juye mini tatsuniyar a ƙaramar rediyo mai memori, ta nuna mini maɓallin da zan taɓa. Kullum bayan na gama shara nakan zauna a rumfa in kunna, da rana tsaka, ni da na hana yara. In kura ta shiga kasuwa sai in daina motsi. In awaki suka yi layi sai in riƙe numfashi. Ta zo, ta wuce. Sai in kashe, in zauna, har kaji su dawo kunnena.

Saratu ta tambaye ni ko a ƙarshe za a sa sunansa, tun da jarida ce. Na ce a'a. Na riga na faɗe shi. Ranar da abin nan ke kunnena ba na jin ƙarfin muryata, ta ce da dariyar ta fito na kira shi da sunansa na yanka, da ƙarfi, har tantabaru suka tashi daga rufin rumfa. Sau ɗaya ke nan tun ranar suna. Babu injin da ke ɗauka a lokacin, kuma haka na fi so. Allah ya jiƙansa, ya sa in na kira shi a can ya amsa.